Ganguna a Gidan Malam Hudu

Ku bari in faro muku daga kan ragon, don in na fara daga ranar da Baba ya fito zaure da sanda, za ku ce Ishaƙ ne ya jawo wa kansa.

Sunana Hajaratu, 'yar farin Malam Hudu na Ɗanzomo. Kun dai san kunyar 'yar fari. Baba bai taɓa zaunar da ni mun yi hira ba, duk abin da zai gaya mini sai ya bi ta bakin yayarsa, Goggo Cindo, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta. Ita kuwa Goggo, in an ba ta magana cikin ludayi, a ƙwarya take kawo mini.

"Malam ya ce kafin a gama girbin bana ki fito da wanda kike so," in ji ta, tana taunar goro. "Ya ce ba zai zaɓa miki ba. Ni kuma na ce ba za mu zuba ido ki auri barkono ba."

"Goggo, barkonon ma ai bai zo zance ba."

"Rufe min baki! Sa'o'inki duk da goyo. Saurayi ya yi sallama, a neme ki, wai kina bayan soro kina hira da yakuwa."

Ba ƙarya ta yi ba. A bayan soron da Baba ke ajiye littattafansa akwai wani ɗan fili da na kewaye da darni. Nan na shuka yakuwa da rama da kuɓewa da barkono, ga gindin lalle, ga wani ɗan lemun tsami da na raina tun yana ƙwallo, wanda nake ji da shi kamar ƙanena. To amma ƙasarmu yashi ce. A yi ruwa da safe, kafin azahar kamar ba a yi ba. Sai kuma tsakiyar damina sama ta ɗauke ƙafa, shuka ta yi ta yaushi kana kallo. Rijiyarmu kuwa sai hannunka ya yi kanta kafin guga ya iso baki, shi ya sa Inna ta ce in ta ƙara ganin na ɗebi ruwan randa na kai wa ganye, ni da ita ne. Bara da ruwan wanke-wanke na yi ta lallaɓawa, duk da haka barkonona ya ƙone ƙurmus. Na yi kuka har Goggo ta ɗauka wani ne ya mutu.

Abin da ke ci mini rai shi ne indararon soron Baba. In ana ruwa, haka zai yi ta kwararowa kamar da bakin ƙwarya, yashi na shanyewa a banza. Na tara tulu, ya cika nan take. Na tara randar Inna, ƙarfin ruwa ya tuntsurar da ita ta fashe. Wannan maganar kada ku tayar da ita a gaban Inna.

To, ina da rago da na kiwata, kuma kowa a gidan ya san na kayan ɗaki ne. Ranar kasuwar Sule Tankarkar na ci ado: atamfata mai ganyen shuɗi, fatala ja, tsakiya a wuya, warwaro har uku a hannun hagu, na rambaɗa kwalli. Goggo ta yafa saƙinta ta sa ni gaba. Rago ya yi kasuwa, ta ja hannuna sai rumfar masu tasa da kwalla.

A nan na ji ƙarar guduma.

Na waiga, sai ga wasu gangunan ƙarfe a layin maƙera, irin waɗanda ake zubo kananzir a ciki, tsayinsu har ƙirjina. Jama'a, ban san lokacin da na zare hannuna daga na Goggo ba. Ni dai na gan ni tsaye ina leƙa bakin ɗaya, ina lissafin tulu nawa za ta shanye.

"In kika faɗa ciki, sai an biya kuɗinta kafin a fito da ke."

Na ɗago. Wani dogon saurayi ne cikin taguwa mai toka-toka, malafa rataye a bayansa, da wushirya. Wushiryar nan, Allah Ya sani, ita ta fara ɓata mini lissafi.

"Ta sayarwa ce?"

"Yankawa nake in yi murhu da kaskon suya. Daga tashar jirgin Gagarawa nake saro su. Me za ki yi da ita?"

"Ruwan sama zan tara."

"Na sha?"

"Na lemun tsami."

Ya kalle ni. Na ce a raina, shi ke nan, yanzu zai yi dariya kamar kowa. Sai ya ajiye guduma ya ce, "Soro gare ku ko ɗakin ciyawa?"

"Soro. Da indararo."

"To ɗaya ba za ta ishe ki ba. In ta cika sauran ya tafi ina?"

Wallahi duk samarin da suka taɓa zuwa ƙofar gidanmu, masu turare da masu zoben azurfa, babu wanda ya taɓa gaya mini magana mai daɗin wannan.

Kafin Goggo ta ratso cikin mutane ta iso, an yi ciniki. Biyu na saya. Ta dafe ƙirji.

"Ragon? Ragon kika zuba a gwangwani?"

"Goggo, ba gwangwani ba ne."

"Ranar aurenki sai mu jera miki su a ɗaki, ki shiga ɗaya, miji ya shiga ɗaya!"

Saurayin ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sunansa Ishaƙ, kuma in an yarda shi zai kawo su har gida ya kafa, don sai an fasa baki an ƙone warin kananzir. Goggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Maƙeri!" kamar ta tauna tsakuwa. Har muka iso gida ba ta ƙara ce mini uffan ba.

Ashe a bakin rijiya ta je ta juye. Abin da ta ce kawai shi ne, "'Yar Malam ta sayar da rago, wani saurayin Gagarawa zai kawo mata ganguna har gida." Ba ta yi ƙarya ba, amma da mata suka ce, "Kiɗa za a yi a gidan Malam?" sai ta gyara ɗaurin zane ta ɗauki tulunta. Magana ta zaga gari. Ni ban sani ba, ina can ina share gindin soro. Baba kuwa bai ji ba sai a wajen wani suna, da safiyar ranar da Ishaƙ zai zo, inda aka tambaye shi a gaban mutane ko kalangu ne ko gangar noma.

Ya dawo gida ko fura bai sha ba. Ya ɗauki sandarsa ya zauna a ƙofar zaure, abokansa dattawa biyu na gefe, wai sun zo ba shi haƙuri, alhali kallo suka zo.

Da hantsi sai muka jiyo: gum! gum! garam-gum!

Na ruga na manna ido a wata kafa ta zanar da ke jikin zaure. Ga Ishaƙ tafe yana jan jaki, ganga ɗaya a kowane gefe. Ashe guduma da kurfinsa ya jefa a cikin ɗaya, duk takun da jaki ya yi sai su amsa. Yaran gari kuma sun samu abin yi, sun biyo shi da karare suna bugawa, 'yan mata na tafi a baya, har wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa bawan Allah sai washe baki yake, yana ɗaga wa mutane hannu, ya ɗauka haka ake karɓar baƙo a Ɗanzomo.

Baba ya miƙe.

"Kai ne mai gangunan?"

Ishaƙ ya cire takalmi ya zube. "Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Ka san ko gidan wa ka zo?"

"Gidan Malam Hudu aka ce mini."

"To a gidan nan, tun zamanin mahaifina, ba a taɓa kiɗa ba. Ba kuma a kaina za a fara ba."

Na ga wushiryar ta ɓace. Ya waiga ya dubi jaki, ya dubi yaran, ya dubi sandar.

"Kiɗa kuma? Allah gafarta Malam, na ruwa ne. Za a tara wa shuka ruwan indararo."

Baba ya taka a hankali ya zaga jakin. Ya sunkuya ya shinshina, ya yamutsa fuska. Sai ya ɗaga sandar nan ya ɗan ƙwanƙwasa gefen ɗaya, don ya tabbatar.

Gummm!

Yara suka ɗauki ihu: "Malam ya kaɗa! Malam ya kaɗa!"

Ɗaya daga cikin dattawan ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa na cusa bakin fatala a baki, hawaye na zuba. Baba ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

"Indararon wane soro?" ya tambaya da ya samu murya.

"An ce na bayan gida."

"Soron littattafaina ke nan." Ya nuna Ishaƙ da sandar. "In ruwa ya jiƙa mini bango, kai zan nema. Ku zaga da shi ta baya."

Ranar nan aiki aka sha. Ishaƙ ya sa kurfi ya fasa bakin kowace ganga, ya bi gefen da guduma ya lanƙwashe don kada ya yanki hannu. Ya cusa kara a ciki ya cinna wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har kajin Inna suka tsere maƙwabta. Da suka huce, ni da Inna muka shiga dirza da toka da yashi. Sai da na zura rabin jikina a ciki kafin in kai gindin, na fito baƙi ƙirin kamar an tsamo ni daga tukunyar baban rini. Na ɗago ke nan muka haɗa ido da shi ta saman darni. Ku tuna fa, wannan mutumin cikin kwalli da warwaro ya fara ganina.

"Sannu da aiki," ya ce, yana kallon ƙasa, bakinsa na motsi.

"In ka yi dariya, ka ɗauki kayanka."

"Ni? Hayaƙi ne ya shige mini hanci."

Ya jera guntayen kututture ya ɗora gangunan a kai don kada gindi ya yi tsatsa, ɗaya daidai ƙarƙashin indararo, ɗaya a gefenta, ya haɗa su da ɗan kwararon gwangwani yadda in ta farko ta cika za ta zuba wa 'yar'uwarta. Ya hau soro da buta ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya gangaro siriri ya faɗa tsakiyar ganga, tal-tal-tal. Na yi tsalle har zanena ya nemi kwancewa.

"Saura murfi," in ji shi, "saboda sauro da kaji. Zan ƙera in kawo."

Goggo daga bakin ɗaki ta ce, "Da ma can murfin ba ya ƙeruwa yau, ko?"

Daga nan sama ta yi mana rowa. Kullum hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Ganguna na tsaye wayam, ƙadangaru na shan rana a kai. Lemun tsamina ya fara naɗe ganye. Goggo kuwa duk wucewar da za ta yi sai ta leƙa ciki ta ce, "Sannu rago, ya kwanan ƙishirwa?"

Abin da ya riƙe ni shi ne saƙo. Akwai Rabi'atu mai daddawa, maƙwabciyarmu, da ba ta fashin kasuwa. Ranar farko ta dawo ta miƙo mini farin goro ƙunshe a ganye. "Mai guduma ya ce a gaida lemun tsami." Na ce ta ce masa lemun tsami na jin jiki, ya taya shi da addu'a. Wata kasuwar ta kawo ɗan ƙaramin ludayin gwangwani mai huje-huje a gindi, wai don ruwa ya riƙa sauka a hankali kan shuka. "Ya ce a tambaya, mai lambun ita ma tana jin jiki?" Na ce ta ce masa mai lambu ƙalau take, ba ruwansa. Rabi'atu ta ce, "To me ya sa kike murmushi kamar an ba ki kyautar saniya?" Ludayin nan a ƙarƙashin matashina ya riƙa kwana. Kada ku gaya wa kowa.

Ranar da ya kawo murafen, bayan la'asar ne. Ya sha farar riga sabuwa fil da hula haɓar-kada, wai murfi ya kawo. Yana zaure suna gaisawa da Baba, ni ina tsakar gida ina canza ɗankwali karo na ban san adadi ba, sai iska ta kaɗa mai sanyi. Ƙamshin ƙasa ya bugi hancina. Kafin Inna ta kwashe shanya, ruwa ya ɓarke.

Na kwasa da gudu sai bayan soro. Abin da na gani ya sa na ƙwalla ƙara. Ashe ruwan buta daban, ruwan Allah daban. Indararo ya cika ya yi tsiri, yana harba ruwa can gaba, ya tsallake bakin gangar gaba ɗaya yana dukan kan kuɓewata. Ko ɗigo ba ya shiga.

"Wayyo! Yana wucewa! Yana wucewa!"

Ishaƙ ne ya fara faɗowa ta ƙofar darni, farar rigar nan ta manne masa a jiki. Ya rungumi gangar yana ja, kututture ya zame, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Na kama ɗaya gefen, ƙafata na nutsewa. Sai na ji murya a bayana:

"Ba haka ba! Ku kwantar da ita ku mirgina!"

Baba ne. Ba rawani, ba takalmi, ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Tunda nake ban taɓa ganin tsakiyar kan Baba ba sai ranar.

"Kai, kama nan! Ke, jawo kututturen! Gaba kaɗan. Gaba, na ce! Soron nan ni na san inda yake zubarwa."

Muka mirgina, muka tayar. Ruwan ya daki gefen baki ya fantsamo wa Baba a fuska, ya yi tsaki, ya sa kafaɗa ya tura ta shi kaɗai. Sai muka ji: dururururu! Ruwa ya samu ciki. Ƙarar ta fara da kauri, tana sirancewa, tana hawa. Muka tsaya mu uku a cikin ruwa muna leƙe kamar yara. Da ta kusa cika Baba ya ce, "Ɗayar! Ɗayar fa!" Muka jawo ta biyu, Ishaƙ ya riƙe kwararon da hannu don babu lokacin ɗaurewa, ruwa na bin hannun rigarsa har hammata.

Ta cika. Ta biyun ma ta cika, har tana tumbatsa. Ruwan ja ne, da ƙasar soro a ciki, amma ni a idona ya fi zuma. Na tsoma hannu biyu har gwiwa ina dariya ina kuka. Daga bakin ɗaki Inna ta saki guɗa, ta tuna Baba na wurin, ta toshe baki. Baba ya dubi bangon soronsa, ya shafa, ya ce, "Hm. Da ruwan nan gindin bangon yake ci." Ya juya ya shige, yana ɗiga.

Da ruwa ya tsagaita, Inna ta dama fura ta ce in kai zaure. Goggo ta ce ba zan je ni kaɗai ba, ta biyo ni. Muna isa bakin ƙofa ta ciki na tsaya cak. Ishaƙ na zaune a kan buzu cikin shuɗiyar rigar Baba, wadda yake zuwa Juma'a da ita, tasa kuma na rataye tana tsiyaya.

"Rigar nan aro ce, ba kyauta ba," Baba ke cewa.

"Na sani, Allah gafarta Malam. Zan wanke in dawo da ita."

"Ka dawo da ita. Amma kada ka zo kai kaɗai. Ka taho da manyanka."

Na ƙara matsawa jikin ƙofa, na kasa kunne.

"Gobe?" in ji Ishaƙ.

"Kai, wane irin gobe? Bari taka ta bushe tukuna. Wa ke gare ka?"

"Mahaifina ya rasu. Kawuna ne ya riƙe ni, shi ya koya mini sana'a. Sajo Maiguduma, na Gagarawa."

Sai na ji an damƙi hannuna. Goggo ce. Goron da ke bakinta ya tsaya.

"Wa ya ce?" ta raɗa mini.

"Sajo Maiguduma."

"Dogo? Mai tsage a nan?" Ta taɓa kuncinta.

"Goggo, ina na san shi?"

"Yana raye ashe," ta ce, ba da ni take ba.

Ta saki hannuna ta juya cikin gida da sauri, ba ta ko kula da taɓon da take takawa ba. Na miƙa furar ta bayan ƙofa, na bi ta a guje, zuciyata na tsalle, ina so in rungume wani ko wane ne. Na same ta a ɗakina, ta buɗe adudun kayana tana birkitawa.

"Goggo, kin ji abin da Baba ya ce? Kin ji?"

"Na ji, na ji, Allah Ya sanya alheri. Sana'ar ƙira ai sana'a ce mai albarka, ni da ma ban taɓa cewa komai ba." Ta ɗago, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ƙi yarda mu haɗa ido. "Ke, ina kike ajiye madubin nan naki? Da tandun kwalli."